Sunan Ɗan Fari a Katin Asibiti

Shekara huɗu wata maƙala ta yi a cikin kwamfutata ban gama ta ba. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce aiki ne ya yi yawa, kuma ba ƙarya nake ba, don ni kaɗai ne likita a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Faskari. Amma gaskiyar magana, shekara ukun farko ne aiki da lalaci suka hana ni. Ta ƙarshen tsoro ne zalla.

Maƙalar a kan yara masu tamowa ce. Duk wanda ya zauna a yankinmu ya san su: yaro ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, ko kuwa ya kumbura, gashi ya yi ja, ya daina ko kuka. Ƙa'ida ita ce a kwantar da shi har kumburin ya sauka, ya fara cin abinci da kansa, sannan a ƙara masa kwanaki a tabbatar kafin a sallame shi. To, tun da 'yan bindiga suka fara tayar da ƙauyuka, ɗakin yaranmu ya cika ya batse. Yara biyu a gado ɗaya, wasu a tabarma a baranda, iyaye mata na roƙona in bar su su koma don sun baro gida ba kowa. Sai na yanke wata dabara da kaina. Da zarar yaro ya karɓi abincin gyaɗar nan na leda da ake ba su, ya cinye, sai in sallame shi da guzurin mako guda, in ce a dawo da shi ranar kasuwa a auna. Kwanakin nan na tabbatarwa na soke su.

Kuma a idona abin ya yi kyau. Gadaje suka samu, iyaye suna sa mini albarka. Da yawa ba sa dawowa awo, amma ban damu ba, na ce ai mutanenmu ba sa zuwa asibiti da yaro mai lafiya. Na ji daɗin kaina ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Har a wani taron ma'aikatan lafiya na tashi na yi bayani, wani abokin aikina da ke can wajen Sabuwa ya riƙe hannuna ya ce daga yau shi ma haka zai riƙa yi.

Wanda ya sa ni rubutawa tsohon malamina ne, likitan da ya koya mini duba yara. Ya yi ritaya ya koma gida Ƙanƙara, ɓarin jikinsa ɗaya ya shanye, amma bakin nan nasa lafiya lau, kamar ma ƙara masa kaifi aka yi. Nakan je gaishe shi ranar Juma'a idan hanya ta yi kyau, in fita da hantsi in juyo kafin la'asar, don bayan nan ba mai hankalin da ke bin hanyar.

Ranar da na ba shi labarin dabarata ina ta fara'a, ko murmushi bai yi ba.

“Ka rubuta?”

“Malam, ina lokacin yake?”

“To ba ka yi komai ba. Hira ce ka zo yi mini. Abin da likita ya gani bai rubuta ba, tare za a binne su, wanda ya gaje shi ya sake koyo a jikin 'ya'yan mutane. Kuma in ka yi kuskure, wa zai kama ka? Bakinka? Baki ai ba ya kama mai shi. Takarda ce ke tsayawa wuri ɗaya a zo a duba ta.”

Na ce masa to. A raina kuwa ba wannan ne ya motsa ni ba. So nake in ga sunana a mujallar likitoci, abokan karatuna da ke manyan asibitocin birni su san cewa mu ma da aka jefo daji muna da kai.

Na fara da zafi, na rubuta gabatarwa shafi shida, na kai masa. Ya karanta layi uku ya miƙo mini abina.

“Wa ya ce ka fara da wannan? Huɗuba za ka yi? Ka fara da abin da ka yi da hannunka: wa ka kwantar, me ka ba shi, yaushe ka sallame shi. Bayan nan ka jera abin da ya faru a jadawali. Gabatarwa a ƙarshe ake rubuta ta, lokacin da ka san abin da kake gabatarwa.”

Haushi ya kama ni, na yi wata biyu ban taɓa abin ba. Da na koma ya ce ba ya son jin labarin ranar da zan samu hutu in zauna in gama, wannan ranar ba ta cikin kalanda. Shafi ɗaya bayan sallar asuba, kafin in sha koko, ko da shirme ne. Gyara daban, rubutu daban, kada in haɗa su rana ɗaya. Wallahi na tsani tsohon nan a lokacin, amma maganarsa ta yi aiki. Ina yi ina bari, ina yi ina bari, har dai abu ya yi kama da maƙala. Jadawalin ya fito tsaf. Yaran da na sallama da wuri kusan duk lafiya, mace-macen kuwa suna wajen waɗanda aka kawo a makare, waɗanda ba su ma kai ga dabarata ba.

Saura sharaɗi ɗaya. Malam ya ce kafin in aika, in ba wanda ya san marasa lafiyar ya duba, ba wanda ya san Turanci ba.

Mutum ɗaya ce ta dace, babbar nas ɗin ɗakin yara, wadda kowa ke kira Hajiya. 'Yar yankin ce, ta girme ni nesa ba kusa ba, ta kuma riga ni zuwa asibitin da shekaru masu yawa. Ba ma shiri sosai. Tun farko ba ta son sallamar wurin nan, ta faɗa mini sau ɗaya, na nuna mata ni ne likita, ba ta ƙara ɗaga zancen ba. Na kai mata takardun da aka buga, ta juya su ta ajiye.

“Likita, ni mi zan gane a nan? Kawo mani katunan.”

Wata ranar Asabar da rana, bayan mun gama zagayen ɗaki, aka fito mata da kwalayen katunan yaran. Ta shimfiɗa tabarma a ofishina ta zauna ta miƙe ƙafa. Ni da lamba na jera su, ita kuwa ta wargaza min su, tana tara su gida-gida: waɗannan jikokin wane ne, waɗannan 'yan unguwar maƙera ne. Ina tsaye ina cizon leɓe, ina tunanin wahalar da zan sha kafin in mayar da su yadda suke.

Can sai ta dakata da tarawar. Ta ɗauki kati uku ta jera a gabanta, ta daɗe tana kallo.

“Zo ka karanta mani wanga rubutu naka. Hannunka ne ko?”

Hannuna ne. A katin farko na rubuta cewa yaron yana da yatsa shida a hannun hagu. A na biyu ma haka. A na uku ma haka. Sunaye uku daban, garuruwa uku daban, tsakaninsu 'yan makonni.

Na ce, “Hajiya, ai yara masu yatsa shida suna da yawa.”

“Masu yatsa shida a hagu, 'yan shekara ɗaya da rabi, ɗiyan maƙeri, su uku cikin damina ɗaya? Haba Likita. Yaro guda ne. Na tuna uwar, tana da tsohon ciki.”

Ta warware mini shi dalla-dalla. Karon farko uwarsa ce ta kawo shi daga wani ɗan ƙauye bayan Tafoki. Ɗan farinta ne. Mai yankan kati ya tambaye ta sunan yaro, ita kuwa ina za ta iya faɗin sunan ɗan fari a gaban namiji baƙo, a bainar jama'a? Ko a ɗakinta ba ta faɗa. Sai ta ba da laƙabin da take kiransa da shi, aka rubuta. Na yi masa magani kwana kaɗan, ya ci abincin leda, na sallame shi. A jadawalina yana cikin waɗanda suka warke.

Kafin ranar kasuwa ta zagayo aka tashi ƙauyensu, suka gudo Tafoki da kayan jikinsu, ɗan katin hannu da muke ba iyaye ya zauna a ƙauye. Da yake an yaye shi saboda cikin, yana wajen kakarsa, kamar yadda ake yi. Da zawo ya kama shi ita ta kawo shi, ta ba da sunan tsokanar da take kiran jikanta da shi, ta ce daga Tafoki suke. Aka yanka sabon kati. Na duba shi a layin waɗanda ba a kwantar ba, cikin yara fiye da yadda zan iya tunawa, na ba da maganin zawo na ce su tafi. Da na san yaron da na sallama ne kwanan baya, wallahi da ban bar shi ya fita ƙofar nan ba.

Karo na uku ubansa ne ya ɗauko shi, don uwar ta haihu tana jego. Lokacin sun ƙara matsowa cikin garin Faskari. Uban ya faɗi sunan yanka, sunan gaskiya, aka yanka kati na uku. Yaron bai kai la'asar ba. Ni da hannuna na rubuta cewa sabon zuwa ne, an kawo shi a makare. Na sa shi a layin waɗanda ba su samu dabarata ba. Wato mutuwarsa ma sai da ta ƙara wa dabarar tawa kyau a takarda.

Na zauna a kujera. Abin da ya fi ci mini rai, ni ma ɗan fari ne. Mahaifiyata tana nan garinmu Ketare da ranta, yau shekara arba'in da wani abu ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta aiko a kira ni sai ta ce a kira mata “wancan”, ko ta faɗi laƙabin da ta sa mini. Na tashi a cikin wannan al'ada, na sha ta da nono. Amma da na zauna gaban kwamfuta sai na zama wani Bature, na ɗauka kowane suna a kati mutum ne guda. Kaico!

Hajiya ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta ce kawai, “Mu duba sauran.”

Mun yi makonni muna dubawa, muna bin sunan uba da sana'arsa, da tabo, da shekaru, da wanda ya kawo yaro. Ba shi kaɗai ba ne. Ba duka ne 'yan fari ba, wasu sunan surukai gare su shi ya sa uwa ba ta faɗa, wasu katin ne ya ɓace a gudu. Amma da muka mayar da kowane yaro mutum ɗaya, jadawalina ya kife. Yaran cikin gari, da ke iya dawowa awo, sun yi lafiya. Na ƙauyukan nesa, waɗanda hanya ko gudu ke hana su dawowa, su ne dabarata ta cuta.

Washegari na soke sallamar wuri ga duk wanda ba a cikin gari yake ba. Na sa aka ƙara tambayoyi a wajen yankan kati: wa ya kawo yaro, ɗan fari ne, da wane suna kuma ake kiransa, an taɓa kawo shi. Na buga wa abokina na Sabuwa waya, layin yana yankewa, na faɗa masa a gurguje. Ya ce to, zai duba, amma shi a wajensa abin na tafiya daidai, kuma ya riga ya koya wa wasu asibitoci biyu. Na san wannan muryar, irin tawa ce ta da.

Maƙalar kuwa na rufe ta. Wa zai aika wa duniya takardar da ke cewa ga yadda na yi kuskure yara suka mutu? Na daina zuwa Ƙanƙara. In Malam ya aiko, in ce hanya ba kyau, kuma sau da yawa hanyar ba kyau ɗin, sai ƙaryata ta samu wurin ɓuya. Na yi kusan shekara a haka. Ina cin abinci ba na jin daɗinsa, ina yi wa ma'aikata faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Duk yaron da aka miƙo mini sai na fara duba hannunsa na hagu.

Ranar da na gaji na je, na tarar Malam ya ƙara lalacewa, magana ma da ƙyar. Na faɗa masa komai, ina jiran ya wanke ni tas.

“Yanzu ka samu abin rubutawa,” in ji shi. “Da can talla ce.”

“Malam, za a ce na kashe yara.”

“Za a ce. Wasu ma ba za su ƙara gaishe ka ba. Ka gyara ɗakinka, na ji. Na Sabuwa fa? Da waɗanda shi ya koya wa? Da bakinka ka raba musu wannan abu a taro, ana tafa maka. Waya ɗaya ba za ta karɓo shi ba.” Ya huta, ya ja numfashi. “Abu ɗaya ya rage. Yaron nan zato ne har yanzu, naka da na nas ɗinka. Ka je ka tabbatar. Kada ka rubuta abin da ba ka tabbatar ba, ko da a kanka ne.”

Hajiya ce ta nemo su. Sun bar Faskari, suna gefen garin Ƙanƙara, a wani kangon gida da ba a gama ginawa ba, an toshe tagogi da buhu. Muka je da hantsi. Uban ya fita neman aiki. Muka tarar da kakar tana tsintar wake a faranti, uwar kuma na goye da yarinyar da ta haifa a wancan lokacin, har ta yi wayo. Ita uwar kanta yarinya ce ƙarama, ba ta fi ashirin ba. Tana ganina ta gane ni, ta durƙusa har ƙasa.

“Sannu da zuwa Likita. Allah shi saka da alheri. Kai ne ka taimake ni ka sallame mu da wuri, lokacin ina fama da nauyin ciki.”

Na rasa inda zan sa kaina. Na gaishe da kakar, na ce Baba, tambaya ce ta kawo mu, a yi mana haƙuri za mu tayar da abin da ya wuce. Na fito da katunan. Na karanta sunan farko, uwar ta ɗaga kai, ta ce ita ta faɗa. Na karanta na biyu, kakar ta yi ɗan murmushi, ta ce nata ne, don tun yana jariri yake ƙwace mata goro. Sai na karanta na uku, sunan yanka, da ƙarfi, yadda ake kiran layi a asibiti.

Uwar ta juyar da fuska ga bango, ta ja mayafi ta rufe baki. Hajiya ta harare ni. Kakar ce ta amsa, a hankali, ta ce shi ne.

Na ce musu abin da na zo faɗa. Na ce sallamar da na yi masa ta yi wuri, kuma da aka dawo da shi ban gane shi ba, laifina ne, ba na kowa ba. Kakar ta ce haba Likita, kwana ne ya ƙare. Na san za ta faɗi haka, kuma ban ji sauƙi ko kaɗan ba.

Mun miƙe za mu tafi sai uwar ta yi magana, ba da ni ba, da Hajiya, fuskarta na bango har lokacin.

“Hajiya, ran da aka maido shi a naɗe, na so in kira shi da sunan nan ko sau guda. Ɗakin cike yake da mutane. Ban iya ba.”

Muka fito, muka shiga mota, muka koma Faskari.

Washegari bayan asuba na buɗe kwamfuta. Kwana tara na yi na gama abin da ya gagare ni shekara huɗu. Na goge gabatarwar gaba ɗaya na sake wata, rabin shafi. Na rubuta yadda muka gano kuskuren, na bayyana wa waɗanda ba su san mu ba cewa a nan uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, kuma duk wanda zai ƙirga yaranmu da suna kaɗai zai ƙirga matattu cikin masu rai. Na sa sunan Hajiya kusa da nawa, ta ce ita ba ruwanta, na ce ba shawara nake nema ba. Na aika wa mujalla, masu tantancewa suka dawo da maƙalar sau biyu da tambayoyi, na amsa wanda zan iya, wanda ban sani ba na ce ban sani ba. Kafin ta fito Malam ya rasu. Ban samu zuwa jana'izar ba, an rufe hanya a ranar.

Da ta fito na buga kwafi na aika Sabuwa a motar kasuwa. Abokina bai kira ni ba, har yau ma ba mu cika gaisawa ba, amma na ji ya daina sallamar wuri. Sauran asibitoci biyun ban san abin da suka yi ba.

A cikin maƙalar yaron ba shi da suna, haka ƙa'ida ta ce, lamba ce kawai a jadawali na biyu. Katunan uku suna cikin aljihun teburina, na haɗa su da allura. Na san sunansa na yanka, na faɗe shi sau ɗaya a gaban uwarsa da muryar kiran layi, kuma tun ranar ni ma ban ƙara iya faɗinsa ba.